Kuɗin Taga

Suwaiba ce ta bugo waya daga ƙetare:
"Baba, tunda ka ajiye aiki, ka huta.
Kwana bakwai a jirgin ruwa, kai da Inna, na biya."
Ni da ban san wani ruwa ba
da ya wuce kududdufin kuza na Rayfield,
shi ma daga nesa muke gaisawa.

Muka hau bene a Taminus, ofishin Nanret.
Ta juyo mana da fuskar kwamfuta:
ga jirgi an feɗe shi kamar kifi,
hawa goma sha biyu, ɗakuna reras kamar saƙar zuma.
Ta ce, "An biya kuɗin ɗaki, amma ba a ce wanne ba.
Ranar tashi za su ba ku wanda ya rage,
wataƙila can cikin ciki, inda babu taga.
In kuna so ku nuna naku da yatsa, akwai ƙari."
Ta faɗi ƙarin.
Hansatu ta dafe ƙirji.

"Buhun dankali nawa ke nan a Farin Gada?
Ga kwanon kicin yana yoyo tun bara.
Barci fa za ka yi, Malam.
Ido a rufe, ina ruwansa da taga?"

Gaskiyarta.
Tun da muke, lissafinta bai taɓa faɗuwa ba.

Amma ni shekara talatin da ɗaya na yi
a ɗakin wanke hoton ƙashi na asibiti:
taku huɗu a tsaye, taku uku a kwance,
jar fitila guda, da warin da ke bin riga har gida.
Na ga haƙarƙarin rabin mutanen Jos,
ban ga azahar ba.
In shiga da sanyin safe, in fito magariba ta kawo kai,
a ce mini yau an yi ƙanƙara har ta fasa gilashin motar likita,
in ce, "To."
A ce bakan gizo ya tsaya a kan duwatsun Shere,
in ce, "Madalla."

Ban faɗi ko ɗaya daga wannan ba.
Yatsana ne kawai ya tafi da kansa,
ya sauka a gefen jirgin, inda shuɗi ya fara.

Nanret ta ce, "Wannan na kusa da injin, akwai ƙugi.
Na gaba da shi ya fi araha,
sai dai kwalekwalen ceto ya tare rabin tagar."
Hansatu ta gyara zama, kasuwa ta buɗe:
"Rabin taga, rabin kuɗi."
Yarinyar ta yi dariya har da hawaye.
"Mama, kwamfuta ba ta san tayi ba."

Shiru.
Daga ƙasa wani ɗan tasi yana kiran Bukuru, Bukuru.
Na fara janye yatsana.

Sai na ji zif ɗin jaka.
Kuɗin adashi ne, na kwanon kicin,
ɗaure da roba, ta ajiye su a tebur ba ta dube ni ba.
"Ba shi cikakkiya," ta ce.
"Wadda babu abin da ya tare.
Mutumin nan ya gaji da jin labarin rana a bakin mutane."

Ashe ta sani.
Ashe ita ma tana ƙirgawa.

Hawa na bakwai, ɗaki na hamsin da takwas.
Na rubuta a tafin hannu kamar ɗan makaranta.
Muna sauka daga bene ta ƙara da cewa,
"Amma gefen tagar nawa ne, ka ji."

Saura wata biyu.
Kicin na nan yana ɗiga a cikin bokiti.
Ni kuwa kullum da asuba, duk sanyin garin nan,
sai na buɗe tagar ɗakinmu na tsaya,
ina koyon kallo.